Daga Tokyo Zuwa Kamakura, Garin 'Yan Uwa Huɗu

A watan Yuni na sauka a filin jirgin sama na Narita domin halartar wani kwas na mako biyu a Tokyo, kuma tun kafin in bar Damagaram na ƙudura a raina cewa ranar hutun da za a ba mu a Kamakura zan yi ta. Dalilin kuwa wani littafin zane ne da na karanta cikin fassarar Faransanci, mai suna Umimachi Diary, wanda Akimi Yoshida ta rubuta ta kuma zana, labarin wasu 'yan uwa mata huɗu da ke zaune a Kamakura. Japanawa suna kiran littattafan zane manga, waɗanda aka yi domin manyan mata kuwa ana ce musu josei. Wannan reshe ya bunƙasa ne daga wajajen 1980, lokacin da 'yan matan da suka tashi da karatun manga suka girma, suka soma neman labaran da suka shafi aure, aiki, jinyar iyaye da zaman dangi.

Kwana ɗaya kafin tafiyar na leƙa unguwar Jimbocho, inda shagunan littattafai suke jere, na sayi juzu'i na farko cikin Japananci ko da yake ba na iya karanta shi. Daga dama ake buɗe shi, kamar littattafanmu na ajami. Labarin ya fito ne a mujallar Flowers daga 2006 zuwa 2018, aka tattara shi cikin juzu'i 9, sannan a 2015 Hirokazu Kore-eda ya mayar da shi fim.

Daga tashar Tokyo zuwa Kamakura tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa. Can na sauya zuwa wani ɗan ƙaramin jirgi da ake kira Enoden, wanda ke ratsa tsakanin gidaje har mutum ya ga kamar zai iya miƙa hannu ya taɓa shanyar mutane. Na wuce Hase, inda yawancin baƙi suke sauka domin ganin babban gunkin Buddha na tagulla, na sauka a tasha ta gaba, Gokurakuji, domin a wannan unguwa ce marubuciyar ta ajiye gidan 'yan uwan.

Su uku ne da farko, Sachi da Yoshino da Chika, suna zaune a tsohon gidan kakarsu. Mahaifinsu ya bar gida shekara 15 da suka wuce saboda wata mace, kuma da yake dokar Japan ba ta yarda da auren mace fiye da ɗaya ba, tafiyarsa ta zama rushewar gidan baki ɗaya, daga baya ma uwar ta tafi ta bar su. Da labarin rasuwarsa ya zo, sai suka je jana'iza a lardin Yamagata, inda suka tarar da ƙanwarsu Suzu, 'yar waccan matar, yarinyar da ta riga ta rasa uwa kuma ita ta ɗauki wahalar jinyar uban. Sachi ma'aikaciyar jinya ce, da ganin yarinyar ta gane irin nauyin da ta ɗauka a ɓoye, kuma a tashar jirgi, ana gab da rabuwa, ta gayyace ta ta dawo Kamakura su zauna tare.

Tashar Gokurakuji ƙarama ce, ginin katako, da jan akwatin wasiƙa a bakinta. Ana yayyafi na fita na bi wani siririn titi da ya hau gangare, furanni shuɗɗa sun yi nauyi da ruwa sun sunkuyo kan katangu. Japanawa suna rubuta sunan wannan damina da alamomi biyu, ta ruwan sama da ta ume, wani 'ya'yan itace mai tsami da ke nuna a daidai wannan lokaci. A gidan 'yan uwan ma akwai tsohuwar bishiyar ume da suke tsinka kowace shekara, kuma Suzu tana shiga cikin dangin ne ta irin waɗannan ƙananan ayyuka, tsinkar 'ya'yan itace, girki, gaisuwa a gaban hoton kaka. A ganina nan ƙarfin wannan littafi yake, domin Yoshida ba ta gaggawar sasanta kowa. Tana iya ba da shafi guda ga fuskar mace da ta yi shiru a ɗakin girki, ta bar mai karatu ya auna abin da ke ranta.

Mun san 'yan ubanci sarai, ni kuwa na san shi daga ɓangaren Suzu. Ni 'yar amarya ce, kuma da mahaifinmu ya rasu ina shekara 12, babbar yayarmu, 'yar uwargida, ita ta ɗauke ni zuwa ɗakinta na aure, alhali zuwan mahaifiyata gidan ya sa tata uwar ta sha baƙin ciki mai yawa. Shekara da shekaru ina tuna tsoron da na ji ranar da na shiga gidanta da ƙullin kayana, amma sai da na karanta yadda Sachi take kokawa da fushinta a kan iyayenta tana kuma kula da yarinyar, sannan na fara tambayar kaina abin da yayata ta haɗiye kafin ta ce in zo.

Da azahar na ci shinkafa da shirasu, wasu mitsi-mitsin fararen kifaye da aka san gaɓar nan da su, waɗanda su ma sun fito a labarin. Daga nan na gangara bakin teku a Shichirigahama na zauna, tsibirin Enoshima yana can cikin hazo. Japan tana gaban Nijar da awa 8, don haka na jira har ƙarfe uku, lokacin da na san ta gama haɗa wa yara karin kumallo, sannan na kira ta.

"Yaya, ina kwana?" na ce.

"Lafiya lau, auta. Kina dai samun abin da za ki ci a can?"

Na ce mata yanzu na ci shinkafa da kifi, ta ce to madalla, in kula da sanyi, in kuma riƙa ɗaukar lema.