Inda nake ajiye katunan ƙwallona a Maradi

Gara ce ta fara koya mini. Ina da wani kundin sitika na kamfanin Panini na gasar cin kofin duniya ta 1998, wanda kawuna ya kawo mini daga Faransa ina ɗan makaranta. Bai cika ba, amma shafin Najeriya ya cika, Okocha na ciki. Shekara da shekaru yana cikin wani kwalin sabulu a ƙarƙashin gado, a gidanmu na Bagalam. Wata damina na jawo kwalin don in nuna wa ɗana, sai gindinsa ya zube a hannuna. Gara ta biyo bango ta shiga ta ƙasa, ta cinye kusan rabin kundin, ta bar mini ƙasa ja a madadin takarda. Inna tana tabarma tana kallona, ta ce, “Haƙuri za ka yi, ɗan nan. Abin da aka ajiye a ƙasa ai na gara ne.” Ban iya cin abinci ba ranar.

Tun daga nan na canza yadda nake riƙe sauran, kuma yanzu sun fi na da yawa: sitika da ba a manna ba, katunan Match Attax na kamfanin Topps, da ƴan kaɗan masu ƙyalli na Prizm da ƙanena ke aiko mini idan ya samu mai zuwa gida.

Abin da na lura shi ne, masu ƙera akwatunan katuna ba su san garinmu ba. Tsoronsu ruwa ne da faɗuwa. Mu kuwa a nan abokan gabarmu na bin kalanda. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, mai laushi kamar gari, tana shiga duk inda iska ke shiga. Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi haka nesa. Yuli da Agusta laima ta sauka, takarda ta sha, fumfuna ta fito. Kati mai ƙyalli ya fi kowa wahala, domin bayansa takarda ne, fuskarsa kuma roba ce. Takarda na kumbura da laima ta tsuke da bushewa, robar ba ta motsi, shi ya sa za ka ga katin ya lanƙwashe kamar ganyen da ya bushe ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Rigar farko ita ce ƴar leda mai laushi da ake zura kati ɗaya a ciki. Ita ce mafi arha, ita ce kuma ba na yarda in tsallake. Kati na yau da kullum faɗinsa santimita 6.4 ne, tsawonsa 8.9, ledar kuma an yanka ta daidai da shi. A duba a ga an rubuta cewa ba ta da PVC, domin leda mai laushi ta PVC tana fitar da wani maiƙo idan ta sha zafi, ya manne a fuskar hoton. Na ga wannan da idona a wani kundin hotunan aure na yayata, inda fuskokin mutane suka koma jikin leda. Kafin in saka kati nakan hura ledar, in tabbatar babu ƙwayar yashi ko ɗaya, don yashin da ya shiga tare da kati shi ne zai yi ta gurzar shi har abada.

Bayan leda sai roba mai tauri da ake zura katin ta sama, wadda ƴan kasuwar intanet ke kira toploda. A nan mutane da yawa ke kuskure, suna saka kati tsirara a cikinta. Cikinta na goge fuskar kati, dole sai da ledar tukuna. Tana kuma da awo na kauri: mai lamba 35 ita ce ta kati na yau da kullum, akwai 55, 75, 100, 130 zuwa sama don katuna masu kauri, irin waɗanda ake liƙa wa ƙyallen rigar ɗan wasa. Idan ta yi wa kati kaɗan za ka murƙushe kusurwa wajen turawa, idan ta yi masa yawa zai riƙa yawo a ciki. Bakinta a buɗe yake, ƙura kuwa ba ta neman izini, saboda haka nakan sake saka ta cikin wata leda mai bakin mannewa. Kada a rufe bakin da salatif na kanti. Zafi na narkar da gam ɗinsa, ya gangara ciki.

Akwai kuma roba mai maganaɗisu, wadda ke rufewa kamar akwatin zobe, mai kare kati daga hasken rana. Guda uku kawai nake da su. Ɗaya na ɗauke da Sadio Mané, kuma kusa da shi na ajiye sitikarsa ta Katar 2022, gasar da aka buga hotonsa a kundi amma rauni ya hana shi zuwa. Ina son wannan sitikar saboda haka. Sauran katunan, waɗanda yara ke son su riƙa buɗawa suna kallo, suna cikin kundi mai aljihu tara a kowane shafi. Na zaɓi mai zif wanda ake zura kati ta gefe, ba mai zoben ƙarfe ba, domin zoben kan danne katunan da ke kusa da shi ya bar musu shaida.

Wani zai ce wannan duk na me? Masu tantance kati irin su PSA a Amurka suna ba da maki daga 1 zuwa 10, suna duba abu huɗu: kusurwa, gefe, fuska, da daidaiton hoto a tsakiya. Uku daga ciki a hannun mai ajiya suke. A 2022 an sayar da wani katin Pelé na 1958 fiye da dala miliyan ɗaya. Nawa ba su kai ko kusa ba, ba kuma don sayarwa nake riƙe su ba, amma ina so ranar da ɗana zai karɓe su ya same su da kusurwarsu.

Babban akwati shi ya fi ci mini lokaci. Na fara da akwatin ƙarfe irin na amare, saboda gara da ɓera. Ya tsare su, sai dai a watan Afrilu in ka sa hannu ciki kamar tanda. Na koma robar abinci mai kauri, mai murfi da danƙo a bakinsa da maƙallai huɗu, wadda na saya a babbar kasuwa. Katunan suna tsaye a ciki kamar littattafai, ba a kwance wani kan wani ba. Na zuba ƴan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi, ina canza su idan damina ta kama. Robar tana kan wata kanta a tsohon ɗakin ƙasa na Inna, nesa da bango, nesa da taga. Ɗakin nan ya fi kowane ɗaki a gidan sanyi. Da na roƙe ta wurin, cewa ta yi, “Ajiye, amma ka riƙa zuwa kana dubawa, kada ka bar mini amana ka manta.” Duk Jumma'a bayan an sauko masallaci nakan duba.

Tafiya kuwa wani karatu ne daban. Bara na je Yamai wurin wani abokina da muke musayar katuna, hanya ce ta fiye da kilomita 600, ta Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Na daɗe ina kallon akwatunan nan masu tauri a intanet, masu soso a ciki da aka tsaga layi-layi, da danƙo a baki wanda ke hana ruwa da ƙura. Suna da kyau, kuma wanda yake da katunan da aka tantance aka rufe cikin roba, ya kamata ya sayi ɗaya, ya dai auna tukuna domin na PSA da na Beckett, wani kamfanin tantance kati, kaurinsu ba ɗaya ba ne. Ni kuɗin kawo shi Maradi ya fi ƙimar abin da zan saka a ciki. Sai na je wurin wani mai sayar da katifa, na ce, “Malam, soso mai tauri nake so, kamar faɗin tafi biyu.” Ya yanka mini, na tsaga shi da reza daidai kaurin toploda, na cusa shi a ƙaramar roba mai murfi. Gwajin da nake yi ɗaya ne: in rufe in girgiza kusa da kunne. In na ji motsi, da saura.

Yaron mota ya so ya jefa jakar a ɗakin kaya na ƙasa, tare da buhunan albasa da wani babur. Na ce masa, “Yi haƙuri ƙanena, wannan a cinyata za ta zauna.” Can ƙasan akwai zafin hanya da na inji, ga nauyin kayan mutane, kuma roba mai tauri tana lanƙwashewa idan ta gasu. Na zauna ɓangaren da rana ba ta bugu, na lulluɓe jakar da rawani. Da muka tsaya salla a Ƙonni na ɗauke ta na shiga da ita, domin motar da aka kashe aka rufe a rana ta fi ko'ina zafi.

Mun isa bayan isha'i. Abokina ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, muka wanke hannu muka shanya, sannan na buɗe. Katuna ashirin da huɗu na tafi da su, duk sun isa yadda suka bar gida. Na ba shi Eto'o guda biyu da nake da su ninki, ya ba ni Drogba na 2006. Kafin in kwanta na tsaga wani sabon layi a soson don shi.