Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yaushe Ake Dogara da Sakamakon Gwajin HIV?

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya labari ya kawo mu shekarun aiki a ɗakin gwajin jini. Yau zan jingine labarin tukuna, domin akwai tambayar da duk wanda ya zauna a teburin gwaji ya gaji da ji daga bakin masu tsoron sun kamu da HIV, kuma sai an warware ta sannan sauran kashin za su yi ma'ana: "Malam, yau kwana goma da faruwar abin, na yi gwaji an ce babu komai. Na tsira ke nan?"

Da sauran magana. Sakamakon da aka karɓa yau yana faɗin halin da jini yake ciki ne makonni da suka wuce. Ko makonni nawa, wannan ya danganta da irin gwajin da aka yi.

Idan ƙwayar ta shiga jiki, takan fara hayayyafa a inda ta shiga, ta wuce kaluluwa, kafin ta watsu cikin jini. Kusan kwana 10 na farko babu na'urar da za ta gan ta, komai tsadarta. Daga nan alamomi uku ke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na farko ƙwayar halittarta, wadda gwajin PCR ke nema. Na biyu wani furotin na jikinta da ake kira p24. Na uku antibodi, wato makaman da garkuwar jiki ke ƙerawa don ta yaƙe ta. Kamar ɓarawo ne ya shiga gida: wani gwajin shi kansa ɓarawon yake kamawa, wani takalmin da ya yar, wani kuwa sai masu gida sun farka sun yi ihu sannan ya san an shigo. Yawancin tsinken gwajin gaggawa, mai ɗigon jini daga yatsa, ihun yake jira.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da ƙididdiga kamar haka. PCR yana iya ganowa tsakanin kwana 10 zuwa 33. Gwajin da ke neman p24 da antibodi tare, idan an ɗebi jinin daga jijiya an sa a na'ura, kwana 18 zuwa 45. Irinsa na yatsa, kwana 18 zuwa 90. Mai neman antibodi kaɗai, kwana 23 zuwa 90. Ƙa'idar da likitocin Birtaniya suka fitar a 2020 ta tsaya a kan kwana 45 ga gwajin na'ura mai neman abu biyu, kwana 90 ga na gaggawa.

A nan mutane da yawa ke yaudarar kansu. Sukan ga lamba ta farko su riƙe ta, alhali ita tana nufin ranar da gwajin ya fara kama wasu mutane ne kawai. Lamba ta biyu ce ranar da kusan kowa mai ɗauke da ƙwayar zai nuna. Wanda aka ce masa babu, da lamba ta biyu zai yi lissafi. Layi ɗaya a tsinken yatsa, wato alamar babu, a kwana na 25 abin farin ciki ne, amma bai rufe maganar ba. Kuma ana ƙirga kwanakin daga haɗuwa ta ƙarshe da ake shakka, wato saduwa ko wani abin da zai iya sa a kamu da ƙwayar. Idan an sake wata haɗuwar a tsakiya, ƙirga ya koma sifili.

Wani zai ce, tunda na yatsa ma akwai mai neman p24, me ya sa ya kai kwana 90? Dalili shi ne ɗigon jinin yatsa kaɗan ne, kuma ɓangaren p24 na tsinke ba ya da kaifin na'ura. Shi p24 ɗin ma ba ya daɗewa a fili; da zarar antibodi sun fara fitowa sai su manne masa, ya yi wuyar gani. Ga kuma HIV-2, nau'i na biyu na ƙwayar, wadda aka fi samu a Afirka ta Yamma: yawancin na'urorin PCR an tsara su ne don nau'i na farko, HIV-1, saboda haka ita ta hanyar antibodi aka fi gano ta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a ga mutum ya ɓata kwanakin farko yana neman inda zai yi gwaji, alhali magani ya kamata ya nema. Akwai maganin kariya bayan haɗuwa, PEP, wanda ake farawa cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Ana sha kullum har kwana 28, galibi haɗin tenofovir, lamivudine da dolutegravir. Gwajin da ake yi ranar farawa yana duba ko mutum yana da ƙwayar tun da can ne, bai shafi abin da ya faru daren jiya ba. Sai dai PEP yana canja lissafi: idan bai hana kamuwa ba, yana iya danne ƙwayar har alamominta su makara. Shi ya sa wanda ya sha ba ya tsayawa a kwana 45, sai ya yi gwajin ƙarshe wajen mako 12 bayan haɗuwar. Haka mai shan PrEP, wato maganin kariya da ake sha tun kafin haɗuwa. Ya faɗa wa mai gwaji tun kafin a huda yatsa.

Sannan akwai kuskuren hannu, wanda babu ruwansa da kwanaki. Tsinke mai suna Determine ana karanta shi bayan minti 15, ba a wuce minti 60. OraQuick, mai goga a dasashi, daga minti 20 zuwa 40. Wanda ya duba da wuri zai iya rasa layin da bai gama fitowa ba. Wanda ya ajiye ya dawo bayan awa biyu zai iya ganin inuwar layin da ba ta da ma'ana, ya kwana bai runtsa ba. Jini ya yi kaɗan, ko an matse yatsa da ƙarfi har ruwan tsoka ya tsinka shi, ko an ɗauko ruwan gwajin wani kamfani an ɗiga a tsinken wani, duk suna ɓata sakamako. Yawancin kayan nan ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 30, don haka kwalin da ya wuni cikin mota a rana abin tuhuma ne ko da wa'adinsa bai ƙare ba. Idan layin tabbatarwa, mai alamar C, bai fito ba, gwajin ya lalace, a ɗauko sabo. Ruwan baki kuma antibodi ɗinsa bai kai na jini yawa ba, saboda haka ga mai shakkar haɗuwa ta kwanan nan, na jini ya fi.

To idan layi biyu ne fa? Ko da na biyun dishi-dishi ne, ana ɗaukarsa ya nuna, amma tsinke ɗaya ba ya yanke hukunci. Mafi ƙarancin ingancin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke karɓa ga tsinken gaggawa ya bar damar mutum 2 cikin 100 marasa ƙwayar su nuna layin ƙarya. Tun 2019 hukumar ta ba da shawarar sai gwaji uku mabambanta sun nuna a jere kafin a ce wa mutum yana ɗauke da ita. Idan sakamakon ya ci gaba da saɓawa, a dawo bayan kwana 14.

Zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ƙuraje da kumburin kaluluwa kan zo wa wasu mako 2 zuwa 4 bayan kamuwa, wasu kuma ba sa jin komai. Cututtuka da yawa na kawo irinsu, fargaba ma kan sa mutum ya riƙa laluba wuyansa dare da rana. Amfaninsu ɗaya: idan sun zo bayan haɗuwa mai haɗari, a gaya wa likita ya nemi PCR ko gwajin na'ura, domin a daidai wannan lokacin ƙwayar ta fi yawa a jini, ta fi saurin yaɗuwa, tsinken antibodi kuwa yana iya nuna layi ɗaya. Har a kai ranar gwajin ƙarshe, a yi amfani da kororon roba, kuma kada a ba da gudummawar jini.

Maganar jiran wata shida da ake ta maimaitawa ta samo asali ne daga tsofaffin gwaje-gwaje, irin waɗanda aka fara da su a 1985. Wanda ya cika kwana 90, bai sha PEP ba, babu sabuwar haɗuwa, aka ce babu, ya gama. Gwaji na biyar da na shida ba za su ƙara masa komai ba. Kafin ya bar wurin dai ya tambayi sunan gwajin da abin da yake nema, a rubuta masa a takarda tare da kwanan wata.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan labari daga sashen jarirai, inda antibodi na uwa kan zauna a jinin yaro har wata 18.