Saura wata 2 kwantiragina ya cika na ajiye aikin tallan magani a Jidda

Duk wanda ya ji na bar kamfanin rarraba magungunan nan, abin da yake fara cewa shi ne, "Barka, Allah ya raba ka da ƙaya." Ina amsawa da amin, don an rabu ɗin. Barci ya dawo, ciwon cikin da nake tashi da shi kowace safiyar Lahadi ya tafi. Amma akwai dubban riyal da na bar musu a kan tebur da hannuna, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ranar da na zaɓa na fita ce ta ci ni.

Mandub nake, wato wakilin tallan magani. Wanda ya san kasuwar nan ya san ƙaramin kamfani ba shi da wurin sakewa. Asibitocin gwamnati NUPCO ce, wato kamfanin sayayya na gwamnati, ke yi musu sayayya a dunƙule. Manyan kantuna masu rassa ko'ina, irin su Nahdi da Al-Dawaa, a hedikwata ake ƙulla ciniki da su, ba a bakin kanta ba. Abin da ya rage wa irinmu shi ne ƙananan kantunan unguwa da ƙananan asibitocin kuɗi. Ni aka ba ni kudancin Jidda: Gulail, Sabil, Karantina, Petromin, har zuwa Kandara. Na ji daɗin rabon nan da farko. Unguwannin mutanenmu ne, ina shiga kanti in tarar da tsohuwa na fama da mai magani da Larabcin da bai ishe ta ba, in yi mata tafinta da Hausa, mai kantin ya ji daɗi, oda ta fito.

Daga ƙarshen 2021 aka fara rusau. Kafin tsakiyar 2022 unguwannin da nake ci da su sun zama fili, sai ƙura da katafila. Kantin da na je makon jiya, wannan makon ko harsashinsa babu. Na zauna na rubuta sunayen kantunan da suka tafi, na kai taron safiyar Lahadi, ina ganin duk mai hankali zai rage mini adadin cinikin da aka ɗora mini. Manajan ya riƙe takardar da yatsa biyu, ya duba sama-sama, ya ce, "Mutanen da suka tashi daina ciwo suka yi? Ka bi su." To ai na bi su. Sun koma unguwannin da ke hannun wasu abokan aikina, duk kwalin da aka saya a can sunan wani yake hawa. A zangon wata 3 da ya biyo baya ƙara mini adadin ma aka yi.

Ba zan ɓata lokaci kan zagin taro da kiran waya ana shirin shiga Juma'a ba, duk mandub ya san wannan. Haka ma azumi: doka ta ce awa 6 Musulmi zai yi aiki a rana cikin Ramadan, mu kuwa da safe muna asibiti, bayan tarawihi muna kantuna har sahur ya kusa. Abin da ya fi cin mutunci shi ne lodin ƙarshen zango. Idan wata 3 ya kusa cika lissafi bai kai ba, sai a ce kowa ya je ya cusa kaya. Ka saya 10 a ba ka 2 kyauta, biya sai bayan wata 3, kuma mafi yawa kayan da suka daɗe a sito ne. Manaja ya nuna wa na sama da shi cewa an kai adadi, ya karɓi nasa. Idan kayan suka dawo, daga kamashon mandub ake zarewa.

Akwai wani mai kanti, Basudane, dattijo mai kunya, da ya yarda ya karɓi katan-katan na maganin tarin yara don kawai ni ne. Da na koma bayan 'yan makonni bai ce mini komai ba, ya ja ni bayan kanta, ya buɗe katan ɗaya, ya ɗora babban yatsansa a kan kwanan watan lalacewa. Saura wata 4. Ya ce, "Ya dukta, ni ban taɓa mayar maka da kaya ba. Amma wannan kai ka kawo, kai za ka ɗauka." Na kwashe na zuba a kujerar baya, don but ɗin mota a zafin Jidda tanda ce. Na je sito, mai sito ya ce ba ya karɓar kayan da aka mayar sai da sa hannun manaja, ga kuma kowane kwali yana da lambarsa a tsarin bin sawun magani na Hukumar Abinci da Magunguna, ba a shigar da shi da ka. Manaja kuwa ya ƙi ɗaga waya. Na yini ina yawo da na'urar sanyaya mota a ƙure saboda maganin da ba nawa ba, da man da ni na saya. Ƙarshen wata na ga kuɗinsa a jerin abin da aka zare mini.

Albashi dai bai taɓa makara ba, kuma ba don kirki ba. Tsarin kare albashi na Ma'aikatar Ƙwadago yana ganin duk kamfanin da ya jinkirta. Shi ya sa aka yi wayo: abin da ke rubuce a kwantiragin da ke Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar inda ake rajistar kwantiragin aiki, ɗan albashin tushe ne da kuɗin gida da na mota. Kamasho, wanda shi ne rabin abin da muke rayuwa da shi, a saƙonnin WhatsApp yake, kuma ƙa'idarsa tana canjawa duk sanda manaja ya ga dama.

Mai karatu a Kano ko Zinder zai ce, to me ya zaunar da kai shekara 4? Igama, wato takardar izinin zaman baƙo a Saudiyya. A Makka aka haife ni, a Shari'u Mansur na yi wayo, kakana ta Sudan ya biyo a ƙasa ya zo aikin hajji bai koma ba. Karatun harhaɗa magunguna a Khartum na yi shi. Amma fasfona na Najeriya ne, kuma zamana a ƙasar da aka binne cibiyata yana rataye ne da wanda nake wa aiki. Manajan ya san haka sarai. Duk sanda aka yi maganar mayar da guraben masu harhaɗa magani hannun 'yan ƙasa, sai ya kalle mu, mu baƙi, ya ce akwai masu jira a layi. In na kai kuka wurin Baffa, amsarsa ɗaya ce: "Ɗana, mai haƙuri shi ke dafa dutse." Na dafa shi shekara 4 cur, sai da romon ya kusa fita na sauke tukunyar.

Yadda abin ya faru: na riga na samu tayin aiki a ɗakin magani na wani asibitin kuɗi a Makka. Albashin bai kai ba, amma kusa da gida ne kuma babu adadin ciniki. Ina cikin tunani sai ga wani taron Lahadi, manajan ya haska sunana da ja a bango, ya ce wa wani yaro sabon ɗauka ya kalle ni da kyau don ya san abin da ba a so ya zama. Na fito na zauna a mota, na rubuta layi uku na ajiye aiki, na tura. Mutumin da takardar hutu ke yin mako a teburinsa, kafin la'asar ya amince, har da "Allah ya ba da sa'a." Na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Sai da akanta ya juyo mini da allon kwamfuta na ga abin da na yi. Ga yadda dokar ƙwadagon Saudiyya take, kuma duk mai igama ya kamata ya haddace ta. Sashe na 84 ya ce kuɗin sallama rabin albashin wata ne a kan kowace shekara cikin 5 na farko, sannan albashin wata cikakke a kan kowace shekara bayan nan. Sashe na 85 kuma ya ce idan kai ka ajiye aiki, in ba ka kai shekara 2 ba ba ka da komai, daga 2 zuwa 5 sulusi za ka samu, daga 5 zuwa 10 kashi biyu cikin uku, sai ka cika 10 kake samun duka. A ce albashinka riyal 6,000 ka yi shekara 4: haƙƙinka 12,000 ne, amma da takardar ajiye aiki 4,000 za ka ɗauka. Kwantiragin baƙo kuwa mai wa'adi ne. Idan ka bari wa'adin ya cika, ka sanar a kan lokaci cewa ba za ka sabunta ba, ba ajiye aiki ka yi ba, kwantiragi ne ya ƙare, kuɗinka cikakke za a ba ka. Nawa saura wata 2 da 'yan kwanaki.

Na kira wani yayana, ɗan kawuna, da ke aiki a sashen ma'aikata na wani kamfanin gine-gine. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanena, wa ya aike ka? Waya ɗaya fa za ka yi mini." Na ce, "Yaya, raina ne ya ɓaci." Ya ce, "Shi ma abin da yake jira ke nan." Shi ya ƙara nuna mini ɗaya asarar. Tun Maris 2021 aka sauya tsari, ma'aikacin kamfani yana iya komawa wani wurin ta Qiwa ba tare da izinin mai gidansa ba idan kwantiragi ya ƙare. Da na jira, sabon wurin ne zai turo buƙata, in danna amincewa, shi ke nan. Da yake na fita a tsakiyar wa'adi kuma ina sauri, sai na koma ina roƙon sa hannun mutumin da na gudu dominsa. Shi kuwa ya ɗaure sa hannun da sharaɗi: sai na sa nawa a takardar da ke cewa na karɓi dukkan haƙƙoƙina, ba na bin kamfani ko halala, wato ko sisi.

Na tambayi Yaya batun sashe na 81, wanda ya ba ma'aikaci damar tafiya ba sanarwa da haƙƙinsa cikakke idan mai aiki ya saɓa manyan sharuɗɗan kwantiragi ko ya wulaƙanta shi. Ya ce ƙofar tana nan, amma hujja take ci, kuma ba a shiga ta bayan an riga an rubuta "na ajiye aiki don raɗin kaina." Hujjata tana ina? Alƙawuran kamasho, umarnin lodi, zagin da ake turowa da murya tsakar dare, duk suna cikin wayar kamfani. Wayar kuwa na miƙa ta tare da makullin mota a ranar da aka amince, ina ɗokin in rabu da kayansu. Ko hoton allo ɗaya ban tura wa kaina ba. Kamashon zango biyu haka ya bi ruwa. Wani zai ce ai ko da yana rubuce, sashe na 86 ya yarda a yi yarjejeniyar cire kamasho daga lissafin sallama. Haka ne, amma aƙalla shi kamashon kansa da na karɓa.

Abu ɗaya na tsira da shi, shi ma albarkacin Yaya. Ya ce kada in sa hannu sai an ƙara kuɗin kwanakin hutun da ban ci ba, kuma a ba ni takardar shaidar aiki, don doka ta wajabta ba da ita kyauta. Akantan ya yi kamar mantuwa ce, ya ƙara. Ana da wata 12 bayan rabuwa da za a iya kai ƙara, a fara da zaman sulhu a ma'aikatar, in an kasa a wuce kotun ƙwadago. Na yi ta juya maganar, amma da takardar da na sa wa hannu da wayar da ba ta hannuna, ban ga abin da zan ɗora a gaban alƙali ba.

Idan kana cikin irin wannan wuri yanzu, ban ce ka zauna ba. Ka fita, amma ka buɗe Qiwa yau ka ga ranar da kwantiraginka zai cika, ka duba wa'adin sanarwar da ke ciki, don in ka yi shiru ya wuce sabunta kansa zai yi. Duk saƙon da ya shafi kuɗi ka tura shi wayarka ta kanka a ranar da ya zo. Kayan da aka ce ka cusa wa kanti, ka nemi umarnin a rubuce, ko da za a ce ka cika tsirfa. Kuma ka tambayi sabon wurin ko za su jira ka. Ni ban tambaya ba, tsoro nake kada gurbin ya tafi. Sai da na yi wata guda da fara aiki, muna shan shayi da jami'in ma'aikatansu na ba shi labari, ya ajiye kofi ya ce, "Wata 2? Ai wanda ka gada sai da ya ƙara mana fiye da haka kafin ya tafi. Da ka faɗa, da mun jira."

Cikin waɗanda muka yi zaman taron Lahadin nan, biyu sun fita bayana. Dukansu sai da suka kira ni, na karanta musu sashe na 84 da 85 ta waya, suka daure har wa'adinsu ya cika, suka karɓi kuɗinsu cif. Yaron nan da aka ce ya kalle ni ma ya turo saƙo kwanakin baya, yana tambayar yadda ake lissafin sanarwa. An ba shi abin da ya rage na kudancin Jidda, da adadin da aka ɗora mini, an ƙara wani abu a kai.