Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kifi Mai Ido a Wutsiya

Makon jiya mun tsaya a inda na samu aikin dare a wani siton sanyi kusa da filin jirgin saman Mayami a ƙasar Amurka, muna sauke kwalayen furanni da jirage ke kwasowa daga Kolombiya da Ekwado. To a bayan wannan sito ne ruwa ya sake cim mini, bayan na shafe shekara goma sha biyar ina guje masa.

Duk wanda ya biyo labarin nan tun farko ya san ni ɗan masunta ne. A Argungu aka yanke mini cibiya, da homa da gora Baba ya ci da mu, haka shi ma ya tarar da nasa uban. Abin da kunya ta hana ni faɗa a baya shi ne, tun ina aji biyu a sakandare na tsani a danganta ni da su. Wata rana na shigo aji, wani yaro ya toshe hanci ya ce ƙarni, aka kwashe da dariya. Daga ranar ban ƙara bin Baba bakin gulbi ba. Yau jarrabawa, gobe ciwon kai. Bai taɓa ce mini uffan ba, ƙanena kawai ya riƙa tasa wa a gaba. Tun daga lokacin hirarmu ba ta wuce gaisuwa da maganar kuɗin taki.

A watan Afrilun 2009, wata safiya na tashi aiki ƙarfe bakwai, yatsuna duk sun ƙage saboda sanyin sito, sai na zaga baya in sha hantsi kafin bas ta zo. Nan magudanar Tamiami ta ratsa. Kada mai karatu ya kawo gulbi a ransa. Waɗannan magudanai mutum ne ya haƙa su don a tsane fadamar kudancin Fulorida a kuma shawo kan ambaliya. Miƙaƙƙu ne kamar an ja su da rula, gefensu farin dutse ne da ya sauka tsaye, suna bi ta bayan gidaje da kantuna da ƙarƙashin manyan tituna. Za ka ga kwakwa na yawo a kai, ga keken kanti da wani ya jefa, ga wasu korayen ƙadangaru masu kama da damo, waɗanda ake kira iguwana, sun baje a ciyawa.

A nan na hango wani dattijo ɗan Benezuwela da ke tuƙa motar ɗaga kaya a wurinmu, yana tsaye yana zabga wa iska bulala. Wallahi da farko na ɗauka taɓin hankali ne. Doguwar sanda a hannu, wata igiya mai kauri ruwan ɗorawa tana tafiya baya tana dawowa gaba a saman kansa, sau biyu, sau uku, sannan ya sake ta ta kwanta a kan ruwa ba ko motsi. Sai ya shiga fizgo ta da hannun hagu, kaɗan-kaɗan, da sauri. Ban gama mamaki ba ruwan ya fashe.

Na ga kifi iri-iri a rayuwata, na ga giwan ruwan da sai ƙarti biyu sun ɗauka, amma ban taɓa ganin mai ado irin wannan ba. Jikinsa ruwan zinariya da kore, ratsin baƙi uku a kowane gefe, ƙasan haɓarsa da fukafukan ciki ja kamar an shafa masa lalle. A gindin wutsiya kuma ga wani baƙin ɗigo da zoben rawaya ya kewaye, sak idon da ke jikin gashin ɗawisu. Daga nan ya samo sunansa na Turanci, pikok bas. Dattijo ya ce a garinsu pavón suke ce masa, a Barazil kuma tucunaré. Ni dai kifin ɗawisu na raɗa masa, har yau haka ake kiransa a gidana.

Dattijo ya riƙe shi ta leɓen ƙasa, ya zare ƙugiya, ya tsugunna ya mayar da shi ruwa. Ban san lokacin da na yi salati da ƙarfi ba. Ya juyo yana dariya, ya ce in zo gobe.

Na je, na kuma ci gaba da zuwa. Turancinsa gurgu, nawa ma a lokacin da sanda yake tafiya, amma mun fahimci juna. Ashe wannan fatsa ta saɓa wa duk wadda na sani. A gida nauyin darma da na ƙoto ne ke jan zare ya tafi. A nan abin da ke bakin zaren ba shi da nauyin kirki, igiyar ce mai nauyi, ita kake jefawa ta ɗauki ƙugiyar ta kai. Ba tana, ba gara, ba ƙullin dawo. Ƙuda suke ce wa abin da ake ɗaurawa, ko da yake namu bai yi kama da ƙuda ba, ɗan ƙaramin kifi yake kwaikwayo. Ana ɗaure gashin wutsiyar barewa, fari a ƙasa, kore mai haske a sama, a jikin ƙugiya, a sa masa idanun darma guda biyu. Clouser ake kiran wannan ɗauri, sunan Ba'amurken da ya ƙirƙiro shi. Nauyin idanun ne ke sa ƙugiyar ta kife bakinta ya kalli sama, sai ta bi ta kan duwatsu ba ta maƙale ba.

Sati biyu ina ɗaure kaina da igiya. Ƙarfi nake sawa, irin na mai jefa birgi, alhali abin na jira ne: sai ka bari igiyar ta gama miƙewa a bayanka kafin ka turo ta gaba. A rana ta tara iska ta kaɗo, na ji tau a kunnen dama. Ƙugiya ta shige har wuya. Allah ya taimake ni Dattijo na danne ƙayar kowace ƙugiya da filaya kafin ya ɗaura, don haka zare ta bai yi wuya ba. Ya goge jinin da gefen rigarsa, ya ce yau dai na kama babba. Tun daga ranar ba na jifa sai da hula da tabarau.

Shi ya fara ba ni tarihin kifin, daga baya na bi na karanta da kaina. Baƙo ne kamar mu. Asalinsa kogunan Amurka ta Kudu. Hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar Fulorida ce ta zuba shi a magudanan nan da gangan, tun daga 1984, ƙarƙashin wani masani mai suna Paul Shafland, ba a kuma yarda a fara ɗauka ba sai 1989. Dalili kuwa, wasu baƙin kifaye da suka tsere daga gonakin kifin ado sun cika ruwan, ana neman mai cinye su. Kan gaba a cikinsu wata karfasa ce mai ɗigo-ɗigo, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne, har da kudancin Najeriya. Da na ji haka na ce wa Dattijo, ashe ɗan ƙasarku aka ɗauko haya ya cinye 'yar ƙasarmu. Abin dariyar ma, shi kansa ɗawisun dangin karfasa ne, sunan bas ɗin na wani kifi ne daban, ara masa aka yi.

Abin da ya sa hukuma ba ta ji tsoron ya bazu ya addabi sauran ruwayen jihar ba, sanyi ne. Idan ɗumin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 15 ko 16 a ma'aunin Selsiyas, mutuwa yake yi, ruwan gishiri ma bai iya zama a ciki. Magudanan Mayami kuwa an haƙa su da zurfi har cikin dutsen da ke riƙe da ruwan ƙasa, ruwan da ke tsattsafowa daga nan ne ke hana su yin sanyi da hunturu. Sai ya zama kifin na tsare a ɗan yankin nan, arewa sanyi, gabas teku. Halinsa kuma ya dace da mai aikin dare: ba ya farauta cikin duhu, sai rana ta ɗaga, ya fi ma son ta take.

Na farkon da na kama a watan Mayu ne, lokacin da suke ƙwai. Dattijo ya taɓa ni ya nuna wani faffaɗan dutse a gefen bakin kwalbati, ruwan bai kai gwiwa ba. Biyu ne, mace da namiji, suna shawagi a kan dutsen. Namijin ya fi girma, ga wani tozo da ya fito masa a goshi kamar na bijimi, wanda ke fitowa a wannan lokaci na shekara. Jifa ta farko ta wuce su. Ta biyu ta faɗi daidai, ƙudan ya nutse ya kwanta a kan dutsen. Ina kallonsa ƙuru-ƙuru ya karkato, ya buɗe fukafukai, ya hura wa abin ruwa don ya ture shi. Na ɗan motsa. Ya sake hurawa. A karo na huɗu haushi ya ci shi, ya cafka.

Na ɗaga sanda sama irin ta gida, Dattijo ya daka mini tsawa, da igiya ake soka ƙugiya, a fizgo da hannun hagu. Na fizga. Igiyar ta ƙwace ta ƙona mini yatsa, kifin ya yi sama gaba ɗayansa yana girgiza kai, ya faɗo, ya nufi cikin kwalbati. Gwiwoyina na rawa kamar ba jikan masunta ba. Da ƙyar na juyo da shi. Da na sa babban yatsa a bakinsa na ɗaga, sai na ji leɓen kamar sanfefa, ya kankare mini fata. Ina jin ƙarnin a hannuna, na kai hanci na sake shaƙa.

Doka ta yarda mai lasin ya tafi da biyu a rana, ɗaya ne kawai zai wuce inci 17. Lasin na aljihuna, na riga na gama lissafin attarugu da albasa. Dattijo bai ce kada in ɗauka ba. Dutsen kawai ya nuna mini. Macen ita kaɗai tana ta kai gwauro tana kai mari, ƙananan karfasa sun kewaye ƙwan, ta kori wannan wancan ya shigo. Na tsaya jim. Sannan na tsugunna na sa shi a ruwa, na riƙe har ya buga wutsiya. Bai yi minti biyu ba ya koma bakin aikinsa.

Ranar Juma'a na sayi katin waya na dala biyar na kira wayar ƙanena, na ce ya kai wa Baba. Bayan gaisuwa, maimakon maganar taki, sai na ji bakina ya ce, "Baba, na kama kifi."

Shiru. Na ɗauka layi ne ya yanke.

"Kai? Da mi?"

Na yi masa bayanin gashin barewa. Ya ce in sake faɗi. Na sake. Na ji yana gaya wa na kusa da shi, ana dariya. Ya tambayi girmansa, na ce daga yatsa zuwa gwiwar hannu, har da ɗoriya. Ya ce to madalla, miya ko gashi? Na ce ai na sake shi.

"Kak kama shi, kas sake shi? Arzikin da Allah ya ba ka, ka maishe mai?"

Na ce, "Baba, ƙwai yake gadi. Shi da matar."

Ya sake yin shiru, wannan karon ya fi na farko tsawo. Sannan ya ce ai ko gulbin Matan Fada ba kullum Sarkin Ruwa ke bari a shiga ba. Daga nan tambayoyi suka ɓalle. Ruwan gudu yake ko kwance? Gindin dutse kifin ke laɓewa ko cikin ciyawa? Yana da ƙaya a baya irin ta karfasa? In hadari ya taso yana ci? Ina amsawa yana cewa "awo, awo," kamar mai duba aikin almajiri. Muryar matar kamfanin kati ta shigo ta ce saura minti ɗaya. Baba na cikin tambayar ko idon wutsiyar na ruɗin manyan kifaye ne, layin ya ɗauke.

Na zira takalmi na koma kanti na sayo wani katin.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin sanyin watan Janairun 2010, lokacin da iguwana suka riƙa faɗowa daga bishiya kamar mangwaro, da abin da ni da Dattijo muka tarar a bakin kwalbatin nan da safe.