Daga Leipzig zuwa Jena, don ganin cikin kaluluwa ba tare da an yanka ta ba

Da sanyin safiya jirgin ƙasa ya tashi da mu daga Leipzig, muka gangara kwarin kogin Saale zuwa Jena, tafiyar sa'a ɗaya da ɗoriya. Garuruwan nan biyu na Jamus kowanne da hannunsa a aikin da na je gani. A Leipzig ne Werner Spalteholz ya gano yadda ake jiƙa tsoka a mai har ta yi garau kamar gilashi, tun kafin yaƙin duniya na farko. A Jena kuma, a 1903, masana kimiyya Siedentopf na kamfanin Zeiss da Zsigmondy suka fito da dabarar haska abu ta gefe da siririn haske.

A ɗakin binciken da na sauka, kaluluwar bayan gwiwar ɓera suke aiki da ita, wadda ba ta fi ƙwayar gero ba. A yankan da aka saba, mai kaurin maikron 5, milimita ɗaya kan ba da yanka 200, jijiyoyin duk su tsinke. Su kuwa ɗungurungum suke ɗaukar ta.

Wahalar ba a na'ura take ba, a shirin take. Da farko a share kitsen da ya lulluɓe ta tas. Ta kwana a farafomaldehaid, sinadarin da ke hana tsoka lalacewa, kashi 4 cikin ɗari a firji. Sai methanol, ana ƙara ƙarfinsa: 20, 40, 60, 80, 100. Daga nan a mayar da ita cikin ruwa, sai antibodi masu ƙyalli, wato sinadaran da kowanne ke manne wa sashe ɗaya na tsokar, su yi kwanaki suna ratsa ta: LYVE-1 na hanyoyin ruwan limf, MECA-79 na jijiyoyin da fararen ƙwayoyin jini ke shigowa ta cikinsu, B220 na dandazon ƙwayoyin B, wani nau'in fararen ƙwayoyin jinin. A ƙarshe a tsame ruwan, a tsoma ta a sinadarin dibenzyl ether, wanda ma'aunin karya haskensa ya yi daidai da na tsokar, wajen 1.56.

Sun ajiye waɗanda suka lalace a jere, kuma nan na fi daɗewa. Ɗaya ta yi fari kamar nono, ɗan ruwa ne ya rage a ciki. Wata bakinta kaɗai ke ƙyalli, tsakiya duhu, an yi gaggawar cire ta daga antibodi. Kumfar iska ɗaya tak kan ja inuwa doguwa a hoton. Methanol na kashe hasken GFP, wani furotin mai koren ƙyalli da ake yi wa ƙwayoyi alama da shi, tsokar kuma kan ƙanƙance, don haka duk awo sai an yi la'akari da hakan.

Mai kyau ɗin kuwa, a kwalba na neme ta na rasa. Da takardar haske, wato siririn hasken nan na gefe, ta ratsa ta, kwamfuta ta haɗa ɗaruruwan hotunan, sai ga dandazon ƙwayoyin B zube ƙarƙashin fatar waje kamar ƙwai a kwando, jijiyoyin kuma sun yi rassa a ƙasansu. Na sa aka juya min ita sau uku kafin na tafi tashar jirgin yamma.