Batirin lithium na tocila: a auna shi kafin a yarda da rubutun jikinsa

Duk batirin 18650 da aka buga wa 9900mAh a jiki, rubutun ƙarya ne (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir yake riƙewa). Manyan kamfanonin da ke ƙera wannan batir, irin su Panasonic, Samsung, LG, Murata da Molicel, mafi yawan abin da suke iya cusawa a cikin wannan girman bai wuce 3500mAh zuwa 3600mAh ba. Wanda ya yi maka alƙawarin ninki uku na haka a farashi mai rahusa, leda ce mai kyau ya naɗa wa batir mara kyau. Abin takaici shi ne irin waɗannan suna da yawa a hannun mutane, har wasu suna ganin laifin tocilar ce take shanye caji.

Lambar kanta girman batirin take faɗa: 18650 na nufin kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65. Haka 21700, milimita 21 da 70. Akwai kuma 14500, wanda girmansa ɗaya da batirin AA, kuma a nan mutane suke ƙona kaya, domin AA volt 1.5 yake bayarwa, shi kuwa 14500 idan ya cika caji volt 4.2 ne. In ba a rubuta a jikin tocila cewa tana karɓar 14500 ba, kada a gwada.

Gwaji na farko sikeli ne, ƙaramin sikelin da ke auna giram. Batirin 18650 na asali yana tsakanin giram 43 zuwa 50. Idan ka ɗora ka ga giram 30 ko ƙasa, ba sai ka wahalar da kanka da sauran gwaji ba, kayan cikinsa ne ba su cika ba. Sai dai nauyi kaɗai ba ya wanke batir, domin tsohon batirin da aka ciro daga laftof aka sake masa riga nauyinsa daidai yake da sabo. Irin wannan ana gane shi ne a kai da gindi: za ka ga tabon walda guda biyu ko huɗu, ko alamar an goge wurin da takardar yashi.

Daga nan sai mita mai auna volt. Sabon batir yakan zo da caji kaɗan, wajen volt 3.4 zuwa 3.7. Wanda ya nuna ƙasa da 2.5 abin zargi ne. Wanda ya sauka ƙasa da volt 2 kuma ba a san tsawon lokacin da ya yi a haka ba, shawarata a rabu da shi, ko da caja ta yarda ta tashe shi. Dalili kuwa, a wannan ƙasƙancin jan ƙarfen da ke cikin batirin yana narkewa, idan aka sake caji sai ya taru ya zama ƙananan tsinke da za su iya huda siririn shingen da ya raba ɓangaren ƙari (+) da na ragi (−). Batirin zai yi aiki yau, ya yi gobe, wata rana yana kan caji ya ɗauki zafi da kansa.

Auna yawan cajin da batir yake riƙewa yana buƙatar caja mai gwaji, irin su Opus BT-C3100 ko LiitoKala Lii-500. A cika batirin zuwa volt 4.2, a bar shi ya huta kamar awa ɗaya, sannan a sa caja ta zuƙe shi a kan 500mA, wato rabin amfiya (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana). Batiri mai 3000mAh zai ɗauki wajen awa shida, don haka aikin na haƙuri ne. Kada a yi mamaki in lambar ta ɗan gaza abin da kamfani ya rubuta. Kamfanoni suna zuƙe batir har volt 2.5, yawancin cajojin nan kuwa suna tsayawa a wajen 2.8, saboda haka gibin 100mAh zuwa 200mAh ba laifi ba ne. Wanda ya ba da ƙasa da kashi 80 cikin 100 na abin da aka rubuta, ko dai ya tsufa ko jabu ne.

Amma abin da ya fi raba batir mai kyau da mara kyau a tocila mai ƙarfi shi ne turjiyar cikinsa, wato yadda batirin kansa yake danne wutar da ke fita daga cikinsa. Ana auna ta da miliom, wato kashi ɗaya cikin dubu na om, ma'aunin turjiya. Lambar da cajoji suke nunawa ba abin dogaro ba ce sosai, domin sifirin da ƙarfen ramin caja suna ƙara tasu turjiyar. Juya batirin kaɗan a cikin ramin, za ka ga lambar ta tashi daga 45 ta koma 80. Hanya mafi tabbaci ga mai mita ita ce ya samu rezista, wato ƙaramin kayan lantarki da ke danne wuta, mai om 2 da wat 10. A auna batir ba komai a kansa, a ce ya nuna 4.10. A haɗa rezistar na daƙiƙa biyu ko uku kacal, domin tana yin zafi, a karanta mita tana haɗe, a ce 3.98. Faɗuwar volt 0.12 ke nan, wutar da ta gudana kuma kusan amfiya 2. Raba 0.12 da 2, ka samu om 0.06, wato miliom 60. A taɓa bakin mitar a jikin batirin kai tsaye, ba a kan waya ba, in ba haka ba turjiyar wayar ma za ta shiga lissafi.

Me wannan lamba take nufi a aikace? Tocilar da ke jan amfiya 10 a kan batir mai miliom 60 za ta rasa volt 0.6 nan take, kuma wat 6 na zafi zai taru a cikin batirin. Batir mai miliom 20 kuwa volt 0.2 zai rasa, zafinsa wat 2. Shi ya sa za ka ga tocila ta haska sosai na daƙiƙa goma sannan ta rage kanta alhali batir a cike yake: da ta ja wuta sai volt ɗin ya zube, na'urar cikinta ta ɗauka caji ya ƙare.

A nan zaɓi yake. Ba a samun batir ɗaya da ya haɗa mafi yawan caji da mafi ƙarfin ja. Panasonic NCR18650GA da LG MJ1 suna riƙe wajen 3500mAh, amma iyakarsu amfiya 10. Samsung 30Q yana da 3000mAh da amfiya 15. Samsung 25R ya sauka zuwa 2500mAh amma yana jure amfiya 20. A girman 21700, Samsung 50E yana da 5000mAh da kusan amfiya 10, Molicel P42A kuma 4200mAh da amfiya 45. Tocila mai ƙwai ɗaya da ba ta wuce amfiya 3 zuwa 5 ba, ba ta da abin yi da batir mai amfiya 45. A ba ta mai yawan caji ta daɗe tana haske. Mai ƙwayaye uku ko huɗu da ke jan wuta kai tsaye daga batir, ita ce ke buƙatar mai ƙarfin ja, kuma in aka ba ta mai yawan cajin za ta gasa shi.

Sai batun kariya. Wasu batura suna zuwa da ƙaramin allon lantarki a gindinsu da ke yanke wuta idan caji ya yi yawa, ko ya zube ƙasa, ko kai da gindi suka haɗu. Wannan allo yana ƙara tsawo zuwa milimita 68 ko 70, don haka wata tocilar murfinta ba zai rufu ba, kuma bai kamata a matse shi da ƙarfi ba. Allon yakan yanke idan tocila ta ja fiye da ƙarfinsa, sai haske ya ɗauke kwatsam. Duk da haka, ga tocilar da ba ta kashe kanta idan batir ya yi ƙasa, mai kariyar ne ya dace. A duba kan batirin kuma: akwai mai shafaffen kai, akwai mai tudu. Tocilar da ake jera batir biyu a cikinta, ɗaya a bayan ɗaya, mai tudu take so, in ba haka ba ba za su taɓa juna ba.

Jera batura biyu ko fiye shi ne wurin da ya fi haɗari. Dole su zama iri ɗaya, an saye su tare, ana cajinsu tare, kuma kafin a sa su bambancinsu kada ya wuce volt 0.05. Idan ɗaya ya riga ƙarewa, ɗan'uwansa zai ci gaba da tura wuta ta cikinsa a juye, kuma haka batir yake fashewa a cikin bututun ƙarfe da ke rufe ruf. A rubuta musu lamba ɗaya da alƙalami don kada su cakuɗu da wasu.

Gwajin da aka fi mantawa da shi ba ya buƙatar komai sai lokaci. A cika batir, a rubuta volt ɗinsa bayan ya kwana, a ajiye shi mako biyu, a sake aunawa. Lafiyayye kaɗan zai sauka, ƙila daga 4.18 zuwa 4.15. Wanda ya zube ƙasa da volt 4 yana yoyo a ciki, a fitar da shi. Haka wanda ya yi zafi har hannu ba ya iya riƙe shi a kan cajin amfiya 1.

Ledar jiki ba ado ba ce. Gwangwanin batirin gaba ɗaya ɓangaren ragi ne, har zuwa kafaɗarsa, inda milimita ɗaya ko biyu kawai suka raba shi da kan ƙari. Ƙaramar yagewa a wannan kafaɗa ta isa sifirin ko makulli ya haɗa su. Ana sayar da sabuwar leda da zoben takarda na kai. A cire tsohuwar da farce, ba da wuƙa ba, a mayar da zoben, a saka sabuwa a hura mata iska mai ɗumi har ta kama. Wanda gwangwaninsa ya lotsa kuwa, leda ba ta gyara shi.

Batirin da ba za a yi amfani da shi ba na wata da watanni, a ajiye shi a volt 3.6 zuwa 3.8, cikin akwatin roba, a wuri mai sanyi-sanyi, domin cikakken caji tare da zafi shi ne ke tsufar da shi da wuri. Kada a yi caji idan sanyi ya kai digiri 0, ko batirin ya haura digiri 45. Wanda ya mutu a liƙe kansa da gindinsa da salatif, a kai shi inda ake karɓar tsofaffin batura, kada a jefa shi cikin shara ko wuta.