Godiya ga waɗanda suka ɗaga ni daga ƙasa a Tilburg

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, an sallame ni daga asibiti, bayan ciwon sikila ya kayar da ni a wurin wani bikin kiɗa a Tilburg. Ina ɗakina a Eindhoven ta ƙasar Holan, numfashi ya dawo daidai, sai dai jiki babu ƙwari, kuma bayan hannuna har yanzu a kumbure yake inda aka yi ta neman jijiya. Da yatsa ɗaya nake wannan rubutu, in rubuta kaɗan in kwanta. Ba zan sake jero muku abin da ya faru ba, Yaya ya riga ya sanar da ku komai a zauren gida na WhatsApp tun daga daren Sallah har ranar da aka cire mini abin iska daga hanci. Wasunku ma sun fi ni sanin labarin, domin akwai lokacin da ban san inda kaina yake ba.

Godiya ta farko ga Allah, wanda ya ba ni aron wasu kwanakin. Sai Inna. Inna, an gaya mini ba ki taɓa tuwon Sallah ba, kuma kin kwana a kan sallaya. Ki yafe mini wannan tashin hankali. Tun ina goye kike fama da sikilar nan, kin san hanyar asibiti fiye da hanyar kasuwa, ga shi na girma na tsallaka teku kuma ba ki huta ba. Allah ya ba ni ikon yi miki abin da zai sanyaya miki rai, ya sa Aljanna ce sakamakonki.

Tunda an yi ta tambaya a ɓoye da bayyane, me ya kai ni wurin, bari in amsa sau ɗaya. Bikin kiɗa ne da ake kira Roadburn, ana yin sa duk watan Afrilu a garin Tilburg da ke kudancin Holan, daga Alhamis zuwa Lahadi. Tun 1999 ake yi, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Walter Hoeijmakers, har yanzu yana cikin masu zaɓen mawaƙan da za su hau dandamali. Da kiɗan jita mai nauyi da jan ƙafa aka fara, irin wanda tushensa ya fito daga Birmingham ta Ingila wajajen 1970, amma yanzu ba abin da ba a ji a wurin. Za ka fito daga zauren da ake kururuwa da dukan ganga ba ji ba gani, ka shiga na gaba ka tarar da mace ita kaɗai da molonta, mutum ɗari biyar sun yi tsit suna saurare. Akwai masu kiɗan na'ura, akwai masu gambara, akwai waɗanda ake ba su kwangilar tsara sabon kiɗa domin bikin kaɗai, a yi shi sau ɗaya a wuce wurin. Ba kiɗan rediyo ba ne, ba kuma na neman kuɗi ba. Ni karatun sarrafa sauti ya kawo ni ƙasar nan, kuma daga Eindhoven zuwa Tilburg bai kai rabin awa a jirgin ƙasa ba. Ɗalibin sauti da ya ƙi leƙa irin wannan wuri ya cuci karatunsa. Annoba ta hana a yi a 2020, a 2021 ta intanet aka yi, a 2022 kuma ban samu tikiti ba, shi ya sa na ɗaura niyyar bana tun bara.

Kuma don a daina yaɗa abin da ba haka ba: ban yi azumi ranar Alhamis ɗin ba. Likita ya hana ni tun ina sakandare, malaminmu na Tudun Wada ya ce in riƙa ciyarwa, haka nake yi. Na sha maganina, gorar ruwa na hannuna. Sanyin dare ne a tanti ya shige ni, ga tsayuwa, ga zirga-zirga tsakanin zaure da zaure cikin iska. Mai sikila ya san ciwon ba ya neman izini.

Ranar Juma'a 21 ga Afrilu 2023 na yi Idi da safe a wani masallacin Turkawa, ban koma na canja kaya ba. Haka na shiga taron da shaddata ruwan sararin samaniya da hula, cikin dubban mutane da kusan kowa baƙaƙen kaya ne a jikinsa. Ba wanda ya yi mini kallon banza. Wani dattijo mai furfura har gadon baya ma ya tsayar da ni ya tambayi sunan ɗinkin.

Babban zauren bikin shi ne 013, lambar wayar garin ce aka sa masa, yana cin mutum wajen 3,000. Amma ni a ɗaya ɓangaren abin ya same ni, can bayan tashar jirgi, inda tsoffin ma'aikatun gyaran jiragen ƙasa suke, aka mayar da su wuraren taro. Rufi mai tsawo, ƙasa siminti, sanyi na tasowa daga ƙafa. Masu kiɗan suna kan wani sauti guda mai kauri da suke ja ba sa saki. Duk wanda ya taɓa tsayawa dab da tambura a ƙofar fadar Zazzau ranar hawa ya san yadda ƙirji ke amsawa kafin kunne ya ji, to haka ne, sai dai a ninka. Shi ya sa da ciwon ya fara a ƙirjina ban gane shi ba, na ɗauka kiɗan ne. Sai da na ja numfashi ya ƙi shiga.

Wannan wurin nake son tsayawa, domin shi ne yake dawo mini duk dare. Na durƙusa, daga nan na kife. Duhu ne, kowa da abin toshe kunne, ko da na yi ihu ba mai ji, balle ma babu iskar yin ihun. Takalma kawai nake gani, manya-manya masu bakin ƙarfe, kewaye da kaina. Na yi kalmar shahada a zuci. Abin da ya zo mini ba tsoron mutuwa ba ne sosai, tunanin yadda za a faɗa wa Inna inda aka tsinci gawata ne, da abin da bakin mutane zai yi da ita.

Ban san masu wannan kiɗa suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba sai ranar. In mutum ya faɗi, komai ake yi a tsaya a ɗaga shi. Kafin in ankara takalman sun ja da baya, an buɗe fili, mutane sun riƙe hannun juna sun yi mini katanga, wasu sun ɗaga fitilun waya sama don ma'aikatan ba da agajin gaggawa su hango wurin. Wani ƙato mai gemu har ciki, hannuwa duk zane, ya zauna daɓas a simintin ya ɗora kaina a cinyarsa. Wani saurayi, da kyakkyawar niyya, ya buɗe gorar ruwan sanyi zai sheƙa mini, yana zaton zafi ne ya kayar da ni. Ina gani, ba bakin hana shi. Mai sikila kuwa a wannan hali ruwan sanyi ƙara masa azaba yake yi, don jijiyoyi na ƙara tsukewa jinin ya ƙara maƙalewa.

Wata mata ce ta riƙe hannunsa. Ta riga ta laluba aljihuna ta ciro katin da nake yawo da shi mai bayanin ciwona, ta haska ta karanta. Daga baya na ji ashe ma'aikaciyar jinya ce daga Sukotlan, hutu ta ɗauka ta zo jin kiɗa. Ita ta ce a lulluɓe ni, ƙaton nan ya tuɓe rigarsa ta fata ya rufa mini, ya zauna da 'yar shimi cikin wannan sanyi. Ita ta bi ma'aikatan agaji tana nanata musu sunan ciwon, ta sa aka kira 112, lambar neman agajin gaggawa, ba tare da an tsaya jiran a ga ko zan farfaɗo ba. Masu irin ciwona sun san abin da nake nufi. Baƙin saurayi, a wurin kiɗa, cikin dare, yana murƙususu yana neman maganin kashe zafi mai ƙarfi, ba kowa ne zai fara tunanin jini ba. Ta tsaya a kaina har sai da aka rubuta abin da yake shi ne. Ta shiga motar asibiti da ni, ta bar abin da ta biya kuɗin jirgi ta zo gani. Ita ta ɗauki wayata ta kira Yaya.

Ta ce kada in rubuta sunanta, na ji, ba zan rubuta ba. Amma 'yan gidanmu, ku sa ta a addu'a. Allah ya san sunanta. Allah ya tsare ta, ya tsare 'ya'yanta, ya haɗa ta da mai taimakonta a ranar da take buƙata, ya shiryar da mu baki ɗaya.

Likitoci sun ce ciwon ya hau huhu ne, irin wanda ya fi kashe manya masu sikila, shi ya sa ƙarin jini kaɗai bai isa ba sai da aka yi canjin jini, ana zuƙe nawa ana zuba wani. Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya na ɗakin kulawa ta musamman, musamman mai aikin dare da ta riƙa juya mini gado ya fuskanci alƙibla ba tare da na roƙa sau biyu ba. Jinin da ke jikina yanzu na mutanen da ban sani ba ne, kyauta suka bayar, domin a ƙasar nan ba a sayen jini a hannun mai bayarwa. An yi mini bayani cewa mai sikila da ake yawan yi wa ƙari ya fi dacewa da jinin ɗan asalin Afirka, kuma irin waɗannan masu bayarwa sun yi ƙaranci. 'Yan'uwa da ke zaune a Holan masu lafiya, hukumar jinin ita ce Sanquin, ku je ku tambaya ko za a karɓi naku.

Yanzu sai na gida. Na san al'ada ba ta son a kira suna, kuma na san za ku yi mini faɗa, amma ku yi haƙuri.

Yaya, kai ne ka zama bakina da kunnena daga Zariya, wayarka ba ta mutu ba, kai kake tace labari kafin ya isa kunnen Inna. Allah ya raya maka zuri'a. Ladanin masallacinmu na Eindhoven, wanda ya bar baƙinsa na Sallah ya hau jirgin ƙarshe, ya kwana a kujerar roba yana karanta mini Yasin ƙasa-ƙasa. Hajiyarmu ta Rotterdam, 'yar Maraɗi, wadda ba dangin iya ba na baba, a wani taron suna kawai muka taɓa gaisawa, amma ta riƙa dama kunun gyaɗa tana zubawa a fulas tana hawo jirgi da shi, ta tsaya a kaina sai na shanye. Hajiya, ranar da kika ce mini “ɗan nan, sha, uwarka ba ta kusa, ni ce uwarka,” na juya fuska bango ne don kada ki ga hawaye. Baba na Bijlmer, dattijon Zangon Kumasi, wanda ya zagaya da hula bayan sallar Juma'a a Amsterdam aka tara abin da aka tara. Abokan karatuna da suka je wa malamai da maganar jarrabawata. Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya buɗa muku ta inda ba ku zato, ya sa kada ku ga irin wannan rana a kan naku. Wanda ya yi mini addu'a a Zariya, da Kaduna, da Damagaram, da wanda ya yi sadaka da ƙosai a madadina ban sani ba, Allah ya karɓa, ya jiƙan iyayenku, ya ba marasa lafiyarku lafiya. Masu sikila da ke kwance a gida babu jini babu magani, Allah ya kawo muku ɗauki, na tuna da ku ƙwarai a gadon nan.

Akwai kuma waɗanda jini ɗaya muke, suna nan nahiyar, tafiyar da ke tsakaninmu ba ta kai ta Zariya zuwa Abuja ba. Na ga saƙon murya da aka tura wa Inna tun ina ɗakin kulawa, ana cewa yaro ya bar Sallah ya tafi wurin kiɗan shaiɗanu. Na saurare shi har ƙarshe. Ban riƙe kowa ba, wataƙila aiki ne ya yi yawa. Amma zumunta a ƙafa take, kuma tsohuwa mai hawan jini ba ita ya kamata a kai wa wannan magana a daren ba. Allah ya yafe mana.

Mutanen da aka kira da wancan suna su ne suka koma sansanin kwana suka naɗe tantina, suka haɗa jakata da magungunana da na'urar naɗar sautina mai tsada, suka kawo asibiti, ko kebul ɗaya bai ɓata ba. Hulata da ta faɗi a zauren ma an tsince ta an kai wurin ajiyar kayan tsintuwa. Wasu 'yan Holan biyu, mata da miji, suka zo duba ni ranar Lahadi da katin gaisuwa cike da sa hannun mutanen da ban taɓa gani ba. Ma'aikatan bikin da 'yan sa-kai na gode, ban ga sakaci a wurinku ba.

Saƙonni sun taru, zan amsa a hankali, kada wanda bai ji ni ba ya ɗauka raini ne. Likita ya ce in rage magana, don haka a yi haƙuri da kira zuwa wani mako.

Saura abu ɗaya. Rigar fatar bawan Allahn nan tana wurina, da ita aka sa ni a mota. Ma'aikaciyar jinyar ba ta san shi ba, ta dai ce daga lafazinsa kamar mutumin Folan ne. Baƙa ce, babba ƙwarai, an ɗinke bayanta da tambarin mawaƙa iri-iri, akwai tabarau na karatu a aljihun ciki. Na rubuta wa masu shirya bikin, na kuma sa hotonta a shafin mahalarta na Facebook. Ɗalibanmu da ke Warso da sauran garuruwan Folan, don Allah ku taya ni yaɗawa, kuɗin aikawa a kaina.

Wassalam.